Malaka, Zangon da Iska Ta Kafa

 

Maleshiya aka ce in yi magana a kanta. Na san yawancinku Kuala Lumpur kuka sani, wasu ma can suka yo karatu. Ni Malaka zan kai ku, tafiyar kamar awa biyu a mota, kudu da babban birnin.

Iska ce ta yi garin nan. Jiragen ruwan dā ita ke tura su. Wasu watanni takan kaɗo daga kudu maso yamma ta kawo fataken Larabawa da na Indiya, sannan ta juya ta kawo na Sin. Dole a sami inda za a yada zango a jira juyawarta. Wajen 1400 wani ɗan sarki daga Palembang, Parameswara, ya kafa gari a bakin wani mashigin teku, ba a jima ba gidan sarautar ya musulunta. Sarkinsu Mansur Shah ya yi mulki daga 1459 zuwa 1477, ya yi zamani ke nan da Muhammadu Rumfa na Kano.

Amma iska kaɗai ba ta riƙe baƙo. Sarki ya naɗa hakimai huɗu na bakin ruwa, ana ce musu shahbandar, kowanne da fataken da yake kula da su: ya sauke su, ya nema musu ma'ajiya, in rigima ta taso ya raba gardama. Duk wanda kakansa ya yi fataucin goro zuwa Gwanja zai gane aikin fatoma a nan.

Dukiyar fataucin nan ce ta jawo musu. A 1511 Albuquerque na Fotugal ya ci garin. Mutanen Holan suka ƙwace a 1641, Ingilishi suka karɓa da yarjejeniyar 1824, aka sami 'yanci a 1957.

Yau in ka je, jan ginin Stadthuys na Holan za a fara nuna maka, da cocinsu ta 1753, da ƙofar da ta rage ta ganuwar A Famosa. Kowa can yake ɗaukar hoto. Ni abin ya ɗan sosa min rai, domin duk gine-ginen maciya ne. Sarakunan Malaka da katako suka yi gini, katako kuwa bai iya jimrin wuta da gara ba. Fadar da ake shiga yanzu kwaikwayo ce, an sake gina ta daga bayanin wani tsohon littafin tarihinsu.

Saboda haka ku bar dandalin gine-ginen nan, ku shiga Jalan Tukang Emas, wato layin maƙeran zinariya. Da ƙafa, cikin 'yan mintoci, za ku wuce ɗakin bautar Hindu, da masallacin Kampung Kling, da ɗakin bautar Sinawa na Cheng Hoon Teng. UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2008, kuma ina ganin wannan layin ya fi ganuwar cancanta. Masallacin na 1748 ba shi da ƙubba. Rufinsa hawa-hawa ne, hasumiyarsa kamar Basine ya gina ta, ga kwarmin alwala a tsakar gida. Ku lura da rubutun Jawi in kun ci karo da shi: harshen Malay ne da baƙaƙen Larabci, ajaminsu ke nan. Almajiri zai iya haɗa baƙin, ko da bai san me yake karantawa ba.