Zaɓen Lauya Idan Bashi Ya Sha Kai: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe



An ɗora wa kwamitinmu na jin daɗin malamai nauyin yin magana a kan abin da yawancinmu suka fi so a yi shi cikin raɗa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 hanjin malamin firamare ya ƙara tsawo. Akwai rancen banki da ake yanka tun kafin albashi ya iso hannu, akwai na ƙungiyar gama-kai, ga na mai shagon unguwa, ga kuma na manhajojin waya masu aika wa surukan mutum saƙon cin mutunci. Ba wa'azi a kan cin bashi ya kawo mu ba. Tambayarmu ita ce: ranar da sammaci ya iso ofishin hedimasta, wane lauya za mu nema, kuma nawa ya dace mu biya?

Mu fara da abin da wasunmu suka ji ana yi a Amurka da Ingila, inda wanda bashi ya fi ƙarfinsa kan je kotu a ayyana shi muflisi, a raba abin da ya mallaka ga masu bin sa, bayan wani lokaci a sauke masa sauran. Mu ma muna da Dokar Fatara ta 1979, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin irin wannan shari'a. Amma dokar ta tsufa, ba kasafai ake bin ta ba, kuma ga ma'aikacin gwamnati tarko ce. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda na jihohi ke bin sawunsu a abubuwa da yawa, fatara da mummunan nutsewa cikin bashi suna cikin manyan laifuffukan da kan iya kai mutum ga rasa aiki. Wanda kotu ta ayyana muflisi kuma ba ta wanke shi ba, ba zai tsaya takarar majalisa ko ta gwamna ba. Saboda haka duk lauyan da ya buɗe baki da cewa zai kai mu kotu a shafe mana bashi, bai tambayi inda muke aiki ba, to ya faɗi jarrabawar farko, ko da kyauta zai yi.

Abin da yawancinmu ke buƙata shi ne wanda zai karanta takardar rancen da muka sa wa hannu ba mu karanta ba, ya lissafa ruwan da aka ɗora, ya rubuta wa mai bin bashi, ya nemi a tsara biya gwargwadon albashi. Wannan aikin tebur ne da haƙuri, ba ya buƙatar ƙasaitaccen ofis.

A nan maganar kuɗi ta shigo. Mun ga ɗaya daga cikinmu, ba za mu kama suna ba, wanda wani dillalin bakin kotu ya tare tun bai gama jingine babur ba, ya haɗa shi da wani mai baƙar kwat da ya yanka masa kuɗi kaɗan ƙwarai. Murna ta kama shi. Sai dai kowane zama akwai kuɗin mota, kowace takarda akwai kuɗin bugawa, ba rasit ko guda, kuma sau biyu mutumin bai halarci zaman ba. A ƙarshe aka yanke hukunci babu mai kare shi. Da muka zauna muka haɗa abin da ya kashe a wata takwas, ya zarce abin da wani lauyan ya nema a dunƙule tun farko, wanda ya guda don yana ganin ya yi tsada. Araha ba ta ado. Mu da muke koyar da lissafi a aji huɗu bai kamata a ci mu da irin wannan tarawa ba, amma tsoro yakan mantar da mutum jadawalin sau.

Kada kuma mu ɗauka cewa tsada ita ce shaidar ƙwarewa. Babban lauya mai muƙamin SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975, ya cancanci girmansa, amma a ce bashinka naira 400,000 ne, kai shi gabansa kamar ɗaukar tirela ce don kai buhun gero ɗaya kasuwa. Sau da yawa ma ƙaramin lauyan ofishinsa zai miƙa wa fayil ɗin. Matashin da ya yi shekara biyar ko shida yana zirga-zirgar shari'un bashi a kotun majistare, ya san magatakarda, ya san yadda lauyoyin bankuna ke sasantawa, shi ya fi dacewa da aljihunmu da matsalarmu. Tun 2023 akwai umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin ladan lauyoyi bisa jiha da shekarun aiki, don haka wanda ya karya farashi warwas ma abin a tsaya a duba ne.

To yaya za mu gane na ƙwarai? Da farko mu tabbatar lauya ne. Wanda ya gama Makarantar Horar da Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko a wani reshenta, sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli da lambarsa, kuma takardun da zai shigar kotu suna ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya. Tambayar wannan ba raini ba ne. Mu ma ana tambayarmu shaidar rajistar koyarwa. Sannan mu saurari tambayoyin da zai yi mana, domin sun fi amsoshinsa tona asirinsa. Idan ya nemi takardar rance da bayanin asusu da takardar albashi, ya tambayi wanda ya tsaya mana, to ya kama hanya. Maganar mai tsayawa babba ce a wurinmu, domin mu ne muke tsaya wa juna, kuma kuskuren lauyan malami ɗaya yana iya cinye albashin malamai biyu. Ya kamata kuma ya san tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a watan Agustan 2020, wanda ya ba banki damar ciro kuɗinsa daga asusun mai bashi a wasu bankuna ta lambar BVN. Wanda ya ce mu kwashe kuɗi mu ɓoye a wani banki bai san zamanin da yake ciki ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne a rubuta yarjejeniya: nawa ne ladansa, me ya ƙunsa, kuɗin shigar da takardu na kotu daban ne ko a ciki, me zai faru idan aka sasanta a zama na biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma har yau kunya ke hana mu cewa a rubuta. Doka ma tana tare da mu a nan: lauya ba zai kai wanda ya yi wa aiki ƙara a kan lada ba sai ya ba shi lissafi a rubuce kuma wata guda ya wuce. Wanda ya karɓi kuɗi ya yi watsi da aiki kuwa, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da ake kai ƙorafi gabansa.

Akwai kuma ƙofofin da ba sa cin kuɗi sosai. Jihar Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2019, inda mutum kan iya tsayawa da kansa, kuma akwai zaurukan sasanci da ke ƙarƙashin kotuna. Idan bashin tsakanin Musulmi biyu ne, kotun Shari'a ta san hukuncin wanda ba shi da halin biya da jinkirin da ake yi masa. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana duba wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024, kuma ba kowace shari'ar bashi take karɓa ba. Amma idan aka tsare mutum a caji ofis saboda bashi, magana ta koma ta tauye haƙƙi, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Muna roƙon matanmu da mazajenmu da ke gida su riƙe wannan, tunda su ake fara tsoratawa idan muna makaranta.

Shawarar da kwamiti ke gabatar wa reshe ita ce a nemi lauyoyi biyu ko uku, a ji farashin kowanne a rubuce, a ɗauki ɗaya da za a riƙa biya daga asusun jin daɗi don ganawar farko kawai, sauran kuma tsakaninsa da mai matsala. Duk wanda takarda ta riga ta iso masa, ya same mu bayan an tashi daga wannan taro, ya zo da ita da takardar albashinsa ta wata uku. Abin da aka faɗa mana ba zai wuce mu ba.