Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: jawabi kan ilimin zayyanar kayan aiki

Sarakuna da malamai, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na Tajaye, Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni.

Batun wannan zama wani fannin karatu ne na jami'a wanda iyaye ba su cika ambatonsa ba idan suna zaɓa wa ɗa hanya. Kowa na son ɗansa ya zama likita, ko alƙali, ko ma'aikacin duwan. Fannin kuwa shi ne zayyanar kayan aiki, wato ilimin tsara siffar abu tun kafin a ƙera shi: murhu, famfo, buhu, keke, rumbu. Ilimin ya tsaya bisa tambayoyi uku. Wa zai yi aiki da abin? Wa aka bari a baya? Idan ya lalace, wa zai gyara shi, da wane kuɗi?

Amsar tambaya ta farko tana nan cikin ƙasar Illela. A shekarar 1989, wani shiri da asusun FIDA ya ɗauki nauyinsa ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a kan fako, a zuba taki, ramin ya riƙe ruwan sama, hatsi ya fito. Suka dawo suka gwada, aka san dabarar da sunan tassa. Ta bazu daga gona zuwa gona har fakon da babu mai so ya yi daraja, ana saye ana sayarwa. Dalili kuwa a fili yake: mutum ɗaya da abin haƙansa yana iya yin tassa da rani, ba ya jiran motar kwasar duwatsu.

A kwatanta wannan da murhun hasken rana. Marigayi Abdou Moumouni Dioffo, shehin malamin da jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a 1992, ya shugabanci hukumar ONERSOL tun daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa abinci da ɗumama ruwa da zafin rana. Ilimin ya kai ilimi. Amma murhun bai shiga gidaje yadda aka yi fata ba, domin tuwon dare ana ɗora shi ne rana ta yi sanyi, kuma tuƙi da muciya yana bukatar tukunya ta zauna daram. Murhun Mai Sauƙi kuwa, wanda ya fito cikin shekarun 1980, maƙera ne ke yin sa da tsohon ƙarfe, daidai girman tukunyar da uwargida ta saba da ita, yana kuma rage cin itace.

Tambaya ta biyu ta shafi waɗanda ake mantawa da su: nakasassu, tsofaffi, mata, ƴan dako. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta nakasa ita ke ƙera kekuna masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, kuma sun dace da jiki domin masu ƙerawa su ne masu hawa. A nan kuwa, a dubi buhun albasa na Galmi da Tsarnawa, wanda nauyinsa ke haura kilo 100. An yi shi ne bisa lissafin mai saye da mai mota. Bayan ɗan dako bai shiga lissafin ba, haka albasar ƙasan buhu da nauyi ke murƙushewa. Haka nan matakalar ofishin da gurgu ba ya iya hawa: ita ma wani ne ya zana ta.

Tambaya ta uku ita ce ɗorewa. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka zuba kuɗi masu yawa cikin famfon PlayPump, wanda ake cewa yara za su ɗaga ruwa da shi suna wasan lilo. Zuwa 2010 aka ga da yawa a Mozambik sun mutu babu mai gyara, inda suke aiki kuma mata ne ke tura su da ƙyar. A Nijar, famfon Niyya da Ƙoƙari na masu lambu, da aka yaɗa a ƙarshen shekarun 1990, masu walda na gida ne ke ƙera shi. A jihar Jigawa, malami Mohammed Bah Abba ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan na bushewa, cikin na yin sanyi, tumatir da gauta su ƙara kwanaki. Wannan ya ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000, kuma duk magina tukwane suna iya yin irinta.

Ɗalibin wannan fanni yana koyon zane da hannu da na kwamfuta, da halin ƙarfe da itace da yumɓu, da awon jikin ɗan Adam, da lissafin farashi. Mafi wuya shi ne koyon zama kusa da mai aiki, a duba, a saurara, a ƙera samfuri, a ba shi ya gwada, a karɓi gyara. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zayyanar kayan masana'antu. A Yamai akwai makarantar injiniyoyi ta EMIG. Jami'o'in Tawa da Maraɗi, waɗanda aka kafa a 2010, su ne jami'o'in Nijar mafi kusa da gonakin wannan yanki, kuma ta Tawa, wadda ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, tana koyar da aikin gona.

Aikin da ke jiran irin waɗannan ɗalibai kowa ya san shi. Albasa tana arha lokacin cira, ta yi tsada da damina, amma wadda aka ajiye cikin rudu kashi mai yawa yana ruɓewa kafin kasuwa ta tashi. Simintin Malbaza na nan kusa, sai dai siminti kaɗai ba ya ba albasa iska. Wanda ya zana rudun da iska ke ratsawa, laima ba ta kamawa, manomi kuma na iya biya, ya ƙara wa kowane gida kuɗi ba tare da an ƙara ko kunya ɗaya ba.

Saboda haka, ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ɗauki nauyin ɗalibi, su ɗora masa matsala guda daga kasuwarsu ta zama aikinsa na ƙarshen karatu. Ma'aikatan da ke sayo wa gwamnati kaya su sa sharaɗi cikin kwangila: a gwada samfuri a hannun masu amfani da shi, kuma kayan gyaransa su samu a kasuwar Ƙonni. Zaɓaɓɓun wakilai su nemi a ba wannan fanni gurbi a jami'ar jiharsu. Iyaye kuma, idan yaro ya cika kwance rediyo yana mayarwa, a duba masa wannan hanya kafin a tsawata masa.

Allah ya sa a ji, a kuma aikata.