Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Siyasa

Mai girma shugaban jami'a, iyayenmu sarakuna, malamai, iyayen ɗalibai, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, ina gaishe ku baki ɗaya.

An karantar da ku cewa mulki na wanda jama'a suka zaɓa ne, majalisa ta taka masa burki, kotu ta raba gardama. Ina tare da wannan tsari har gobe. Sai dai a duniyar da za ku shiga, iko ya fara sauya masauki.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS ta sa takunkumi har da barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Illela da Jibiya. Sojojin ko gezau. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, suka riƙe nasu ƙawancen na Sahel. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matasan da suka cika titunan Yamai suna murna, domin wanda ƙuri'arsa ta tsinana masa wani abu ba ya tafa wa wanda ya soke ta.

Kamfanoni ma sun shigo fage. A 2021 Twitter ya goge saƙon Shugaba Buhari, gwamnati ta dakatar da kamfanin wata bakwai, a ƙarshe sai da aka zauna aka sasanta.

Amma mafi ciwo yana gida. A wasu ƙauyukan Zamfara, manomi zai yi shuka, ya yi noma, gero ya nuna, bai isa ya kai magirbi gona ba sai gari ya haɗa kuɗi an kai wa ɗan bindiga a daji. Wanda ke karɓar haraji, ya yanke hukunci, ya ba da izinin girbi, shi ke mulki a wurin, ko da tsarin mulki bai san da shi ba.

'Ya'yanmu, duk inda aiki ya kai ku, ofis ne ko jarida ko majalisa, ku bi sawun iko har inda ya koma, ku tambayi mai riƙe da shi wa ya ba shi, wa kuma zai iya karɓewa idan ya yi zalunci. Allah ya yi muku albarka.