Itatuwan Ƙawata Gida: Namu da na Aro



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa malamin Hausa da maganar itatuwa, ai wannan fagen mutanen gandun daji ne. Da gaskiyarsu. Amma ina roƙon su yi mini uzuri, domin kowane itace da ke ƙasar nan yana da suna, sunan kuwa amana ce a hannunmu, mu masu nazarin harshe. Ran da itace ya ɓace daga gari, sunansa ba ya daɗewa a bakin yara, karin maganar da aka gina a kansa kuma sai ta zama kurman baƙi. Don haka a yau zan ɗauki arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, in yi misali da ita a kan tambaya guda: wane itace ya kamata mu dasa don ƙawata gidajenmu da makarantunmu da ofisoshinmu? Amma kafin mu isa can, zan fara kai ku Ingila.

Sa'ad da nake karatu a can, akwai wani ɗan itace a ƙofar gidan da na yi haya. Da farko ban kula da shi ba. A watan Mayu ya yi farin fure cunkus, zuwa ƙarshen Agusta sai ga shi ya yi nauyi da 'ya'ya ƙanana jajaye wur, tsuntsaye suna ta rububi a kansa. Na tambayi sunansa, aka ce mini rowan. Na yi dariya, na ce a zuciyata wannan suna bai dace da shi ba, gama ban ga alamar rowa a tare da shi ba. Yana da ɗan'uwa da ake kira waitbim, ma'anar sunan a tsohon Turanci ita ce farin itace, saboda bayan ganyensa fari ne fat, in iska ta kaɗa sai ka ga itacen duka ya yi haske. Su biyun dangin tuffa ne. Tsawonsu bai cika wuce mita 15 ba, shi ya sa suka dace da ƙaramin fili da gefen titi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne asalinsu. Itatuwan daji ne na ƙasar, ba daga wata uwa duniya aka kawo su ba. Rowan a kan duwatsun Sikotlan yake fitowa da kansa, yana hawa har kusan mita 1,000, inda sauran itatuwa suka gaza. Mutanen can na dā suna dasa shi a bakin ƙofa, wai yana korar mayu, kuma suna ƙyamar sare shi. Waitbim kuwa a tuddan farar ƙasa na kudancin Ingila yake. Masu lambu suka ɗauko su daga daji, suka zaɓi masu kyan siffa, suka yi ta renonsu. Daga baya aka kawo danginsu daga ƙasar Sin da Kashmir, masu 'ya'ya rawaya da farare da ruwan hoda, aka ƙara a kan na gida. A lura da wannan jeri: na gida ne tushe, na waje ƙari.

To, wani zai ce sai mu ma a kawo mana irinsu. Wannan ba za ta yiwu ba. Irin rowan ba ya tsirowa sai ya yi watanni cikin sanyi mai tsanani, itacen kuma ba zai jure zafin bazarar Ɓaɓura ba. Abin da za mu iya ɗaukowa daga can shi ne ɗabi'ar, wato mutum ya dubi itacen bayan garinsu ya ga ya isa a dasa shi a ƙofar fada.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya bi hanya daga Kano ta Ɗambatta zuwa Kazaure, ya ratsa zuwa Roni ko Gwiwa, ko ya nufi Ɓaɓura wajen iyakar Nijar, in ya tsaya a makaranta ko asibiti ko sakatariya, me zai gani? Darbejiya ce a gaba. Daga ita sai turare. A sababbin gine-gine kuma sai dogon siririn itacen nan na Indiya mai rassa a sunkuye, wanda ko akuya ba ta samun inuwa a gindinsa. Babu ɗan ƙasa ko ɗaya a cikin ukun. Darbejiya daga Indiya take, ta biyo ta Gana, aka fara dasa ta a Barno a 1928. Turare daga Ostireliya yake.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba na cikin masu zagin darbejiya, wanda ya sha inuwarta ba shi da bakin zaginta. Tana saurin girma, har wasu ke kiranta dogon yaro, tana kore shar lokacin da kome ya bushe, dabbobi ba su cika damunta ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974, lokacin da hukuma ta dukufa wajen dasa shingayen itatuwa don tare iska a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wadda wannan yanki ke cikinta har zuwa 1991, ita da turare ne suka ɗauki nauyin aikin. Sun yi mana rana. Illa dai dogaro da itace iri ɗaya yana da hatsari. A Ingila wata cuta ta kashe itacen elm fiye da miliyan 25 daga ƙarshen shekarun 1960, garuruwa da yawa suka wayi gari tsirara. Mu ma a shekarun 1980 wani ƙwaro ya far wa darbejiya a yankin Tafkin Cadi, ya yi ɓarna mai yawa. Garin da duk inuwarsa darbejiya ce, cuta ɗaya ta ishe shi.

Shin muna da itatuwan da za su yi mana abin da rowan da waitbim suka yi wa Ingila? Muna da su, har da ragi. Bari in kawo biyar.

Na farko minjirya. Ƙaramin itace ne mai ƙaya, furensa ja wur kamar garwashi, ƙwayar irinsa ma ja ce. Ba ya bukatar wahala, in aka sari reshe aka kafa a ƙasa mai laima sai ya kama, shi ya sa ake yin shinge da shi tun dā. Wanda ke son jan rowan, ga shi nan a gida.

Na biyu magarya. Wanda ya juya ganyenta zai ga bayansa fari ne mai laushi, daidai da abin da Bature ke yabo a jikin waitbim. Ga 'ya'ya da yara ke ci, ga ganyen da muke bukata ran wankan gawa, ga juriyar fari da ta dace da jigawar Ɓaɓura. A Nijar da maƙwabtanta har ana yi mata aure da wata irin magarya ta Indiya, tana ba da manyan 'ya'ya da ake kira tuffar Sahel.

Na uku sansami. A cikin rani yakan zubar da ganye, sa'an nan ya rufe jikinsa da fure ruwan hoda, mai siffar bakin kakaki. Hausawa sun san darajarsa, tun da suka yi masa laƙabi da ɗan sarkin itatuwa, kuma a wurare da yawa ana camfa sa shi a murhu. Ga shi camfin ya tsare shi daga gatari kamar yadda camfin Sikotlan ya tsare rowan, amma mu ba mu ƙarasa aikin ba, ba mu shigo da shi gari ba.

Na huɗu marga, wadda furenta rawaya ke zubowa reto-reto a bazara, lokacin da ido ke ƙishirwar ganin launi. Na biyar gurjiya, mai manyan furanni jajaye a lokacin hunturu. Ita tana son ƙasa mai tsakuwa da marmara, saboda haka gindin duwatsun Roni da Kazaure sun fi dacewa da ita.

Waɗannan na ado ne. Na inuwa kuwa ba sai na gabatar da su ba: madaci, tsamiya, kanya, marke, ɗinya, durumi, ceɗiya, gamji. Kowanne da halinsa, kuma dole mai dashe ya san halin. Durumi da ceɗiya da gamji saiwarsu tana tsaga gini, wurinsu dandali da bakin kasuwa, nesa da bango. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ga ƙaya, don haka gona ta fi cancanta da shi, inda yake ƙara wa gero albarka. Madaci yana yi wa titi kwarjini, amma sai an tsare shi daga masu ɓare ɓawonsa don magani. Giginya kuwa Bahaushe ya riga ya yanke mata hukunci, inuwarta na nesa ka sha.

A nan ne maganar ta shigo fagena. A ƙasar Ɓaɓura akwai garin Kanya Babba, akwai Ɗorawa. A birnin Kano akwai Kurna da Durumin Iya da Kuka Bulukiya da kasuwar Rimi. Kakanninmu da itace suke raɗa wa gari suna, da shi suke yin kwatance, da shi suke auna mutum. Da aka so a kwatanta girman Sardauna Ahmadu Bello, sai aka kira shi Gamji. Da aka so a ja kunnen mai hassada, sai aka ce Allah ya gyara rimi, ceɗiya ta bar fushi. Ɗarbejiya ta kusa shekara ɗari a tare da mu, amma ku gwada ƙirga karin maganar da ta shiga, ku gwama da na kuka ko na tsamiya. Harshe ba ya gaggawar karɓar baƙo.

Na taɓa gwada ɗalibaina. Na rubuta sunayen itatuwa a allo, na ce duk wanda zai iya nuna mini itacen a fili ya ɗaga hannu. A kan kuka da mangwaro hannuwa suka tashi. Da na zo kan sansami da marga sai aji ya yi tsit, alhali akasarinsu 'ya'yan manoma ne. Ban ga laifinsu ba, ba a nuna musu ba ne. A 1916 wani likitan Turawa, J. M. Dalziel, ya buga littafi guda na sunayen tsirrai da Hausa, waɗanda ya tattara daga bakin manoma da maharba da masu magani, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma cike yake da su. Abin kunya ne a ce jikan wanda ya faɗa wa Dalziel sunan sai ya buɗe littafin Dalziel kafin ya san itacen.

Akwai kuma abin da na gani da idona a wani ofishi da ba zan ambata ba. Wata tsohuwar kanya ce a harabar, masu jiran a kira su suna zama a gindinta. Aka zo gyaran ofis, aka sare ta, aka jera sirarran itatuwan nan na Indiya. Yanzu masu jira a jikin bango suke raɓewa. Wanda ya sa hannu a takardar nan ba mugu ba ne, a ganinsa ci gaba ya kawo. Irin wannan gani ne nake so mu gyara, kuma ku ma'aikata ku ne masu sa hannu.

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. Tsallaken iyakar Ɓaɓura, a jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga 1983 manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon su tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su rena, su sassabe sauran. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5. Hausawa ne irinmu, ruwan samansu bai kai namu ba. Ita ma Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin nan na kafa koriyar ganuwa don tare hamada ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta tarayya a 2015. Ashe hanya a buɗe take.

Ga shawarwarina a taƙaice. Na ɗaya, duk ginin hukuma da za a yi, a zana shi ya kauce wa babban itacen da aka tarar, domin gini shekara guda ne, kanya kuwa sai ta ga jikoki. Na biyu, wuraren renon dashe na hukuma su ware kaso na itatuwan gida, gama mutum ba ya dasa abin da bai samu ba. Irin marga da na gawo ɓawonsu tauri gare shi, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare su kafin a shuka. Na uku, a yi dashe a watan Yuli sa'ad da ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a sa wa wani mutum takamaimai alhakin ban ruwa har rani biyu. Yawancin dashen da ake yi ran biki ba fari ke kashe shi ba, rashin mai shi ne. Na huɗu, kowane itace a makaranta a rataya masa allo da sunansa na Hausa. Ku ɗalibai kuma, in kun je hutu, ku zauna da tsofaffi da maharba da Fulani makiyaya, ku rubuto sunayen itatuwan garinku, da amfaninsu, da waɗanda aka daina gani. Ku kawo mana, za mu adana.

Malam Shugaba, itatuwan nan namu suna da nawar girma, wannan gaskiya ce. Wanda ya dasa tsamiya yau da wuya ya sha cikakkiyar inuwarta. Amma inuwar da muka tashi a cikinta ma wasu ne suka bar mana, ba su kuwa tambaye mu lada ba. Ina fatan nan gaba baƙon da ya sauka Kazaure cikin rani zai ga sansami ya yi fure a ƙofar sakatariya, ya tambayi sunansa, yaron da ke wucewa ya faɗa masa.