A AUNA ƘASA KAFIN A GINA RIJIYA

Makiyaya da manoman Kiyeshe.

Kun san halin ruwa a ƙasarmu. Dallol Mawri tsohuwar hanyar kogi ce da rairai ya binne, shi ya sa ruwa ke kusa cikin kwari. Amma da an hau tudu, sai a yi ta gina har kuɗin gari su ƙare, ba a tarar da komi ba. Ga shi saniya guda na shan lita 30 zuwa 40 a wuni in bazara ta yi zafi.

To, akwai awon ƙasa da lantarki, dabarar da wani Bafaranshe, Conrad Schlumberger, ya soma a 1912. Ma'aikata na kafa turaku huɗu na ƙarfe a jere. Biyu na gefe su tura wutar batir cikin ƙasa, biyu na tsakiya su auna. Duk sa'ad da aka ƙara nisan turakun gefe, awo na ƙara zurfi. Marmara da busasshen rairai na tare wuta, jiƙaƙƙen rairai na barin ta ta wuce. A hamadar Iran, inda mutanen da suka gina hanyoyin ruwa ƙarƙashin ƙasa, da irin wannan awo ake neman waɗanda suka ɓace.

Sai dai ku riƙe wannan: na'urar ba ruwa take gani ba. Laka da ruwa mai gishiri ko kanwa sun fi ruwan daɗi barin wuta ta wuce. Don haka ma'aikaci na bukatar saninku. Ku kai shi tsofaffin rijiyoyi, ku faɗa mashi gaba nawa aka iske ruwa, wacce ke ƙafewa da rani, wacce bisashe ke ƙin sha.

Ranar awo, a kore garke nesa da waya, a hana yara taɓa turaku, don wutar na da ƙarfi.

In an samu wuri, kar a soma gini sai an zauna da hakimi da kwamitin kula da filaye. Rijiyar da gonaki suka kewaye ba burtali, rigima za ta jawo.

Allah ya ba mu damana mai albarka.