RAYUWAR GIDA, BUKUKUWAN GARGAJIYA DA KISHIN ƘASA: JAWABIN BAƘO MAI JAWABI A TARON SHEKARA NA ƘUNGIYA

 



Gabatarwa

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan rayuwar gida da bukukuwanmu na gargajiya, da yadda suke haifar da kishin ƙasa. Na karɓi wannan nauyi ne saboda shekara 35 da na yi ina riƙe da alli sun nuna mini abu guda: yaro ba ya son abin da bai sani ba. Da yawa daga cikin 'ya'yan da kuka haifa a Kaduna da Kano da Abuja da Ikko, idan an ba su takardar cikewa suna rubuta Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a gurbin ƙaramar hukuma, alhali ba su taɓa kwana uku a jere a can ba. Maganata ta yau a kan waɗannan yara take, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu game da su.

Gidan da ya haife mu

Yawancinmu da muka haura shekara 50 mun tashi ne a gidan gandu. Uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma babbar gona tare, kowane magidanci kuma yana da gayaunarsa da yake shiga da yamma ko ranar hutun gandu. Abin da gandu ya bayar rumbu yake shiga, daga nan ake awon gida, ake biyan haraji, ake yi wa samari aure. Yaro yana ganin wannan tsari tun kafin ya iya karanta bajimi, ya san cewa akwai nawa, akwai namu, kuma namu shi ne gaba.

Bayan sallar magariba magidantan unguwa sukan hallara a ƙofar gida ɗaya, kowa a kawo akushinsa a yi ciyayya. Hikimar wannan al'ada ita ce, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ya ƙoshi ba tare da an tona asirinsa ba, kuma maƙwabta sun gane halin da yake ciki ba tare da ya roƙa ba. A cikin gida kaka tana yi wa jikoki tatsuniya, a dandali 'yan mata suna gaɗa, samari suna langa da kokawa. Idan aikin gona ya fi ƙarfin mutum, ko ɗakinsa ya faɗi, sai a kira gayya. Zaure kuwa shi ne makarantar farko ta ladabi: nan ake koyon tuɓe takalmi, da durƙuso, da saukar baƙo.

Wannan rayuwa tana da gindin da ta zauna a kai, shi ne noma. Yankinmu na kudancin Katsina ƙasar dawa ce da auduga. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar gwajin auduga a Daudawa, kuma kuɗin auduga ne ya yi wa iyayenmu da yawa kwanon rufi da keke da kujerar Makka. A shekarar 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da gundumomin Ƙanƙara da Faskari, a lokacin Sabuwa tana cikin ƙasar Faskari. Shirin ya yawaita takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara ta zama babban amfanin gona. Kasuwanni irin su Sheme da Yankara suka cika da hatsi da dabbobi. Idan rumbu ya cika, to a lokacin ne ake jin kiɗa a gari.

Bukukuwan shekara

Shekarar Bahaushe a tsare take da bukukuwa. A watan Muharram akwai cika-ciki, inda ake dafa abinci mai yawa, a fito da abin da aka adana na naman layya, taubasai kuma su bi juna bashin kuɗin shara. A watan Mauludi makarantun allo da na Islamiyya suna raya dare da karatu, masu hali kuma su nufi Daura kallon Sallar Gani. Daga goma ga azumi yara suna fita tashe, suna kwaikwayon marowaci da malalaci da gwauro, jama'a na dariya, amma kowa yana ɗaukar darasinsa. Idan kaka ta yi, an kai amfani gida, sai kalankuwa da dambe da kokawa, Fulani kuma su yi sharo, mutanen gari su fita kallo. Aure ma kaka ake jira.

Sai uwa-uba Salla. Tun ana saura kwanaki teloli ba sa barci, mata suna kitso da ƙunshi, ana sussukar hatsin zakkar fid-da-kai. Ranar idi ana fita ta hanya ɗaya a dawo ta wata, tuwon Salla yana zagaya gidaje, yara suna yawon barka da Salla suna tara goro da 'yan kwabbai. A Babbar Salla ana raba naman layya, wani kaso na gida, wani na dangi da abokai, wani na mabukata. Hakimanmu kuwa, Sarkin Pauwa daga Ƙanƙara, Kanwa daga Ƙetare, Sarkin Yamma daga Faskari da Kogo daga Sabuwa, sukan tafi Katsina da dawakinsu da makaɗansu domin Hawan Salla da Hawan Sarki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kangiwa ya ga tawagar garinsu ta zo jafi gaban Mai Martaba, ya san abin da ake kira alfahari da gida. Duniya ma ta shaida darajar wannan gado, domin a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Ina so mu lura da aikin da waɗannan bukukuwa suke yi. Salla ƙidaya ce. A ranar ne ake sanin wanda ya dawo daga ci-rani da wanda bai dawo ba, da marayan da ba a yi wa ɗinki ba, da 'yan'uwan da ba sa ga-maciji domin a sasanta su. Yaron da aka ɗora wa kwanon tuwo ya kai gida goma, ya san gida goma na danginsa, da sunan da zai kira kowa da shi.

Abin da ya same mu

Ba sai na tsawaita ba, domin babu wanda ke zaune a nan da abin bai taɓa ba. Rikicin 'yan bindiga ya raba mutane da gonakinsu, ya tashi ƙauyuka, ya mayar da masu rumbuna 'yan gudun hijira. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da namu guda uku, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-kai daga cikin 'ya'yanmu. Muna roƙon Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Asarar rayuka da dukiya kowa yana lissafa ta. Akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba. Watannin da aka yi babu waya sun nuna wa da yawanmu cewa zumuncinmu ya koma na waya da aiken kuɗi. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, ga shi tsoron hanya ya ɗaure ƙafar. Yaron da aka haifa a 2015 ya shekara goma, mai yiwuwa bai taɓa sallar idi a garin kakansa ba. Idan ya girma ya zama likita ko injiniya ko babban sakatare, me zai sa ya tuna da rijiyar Damari ko makarantar Yargoje?

Darasi daga ƙasar Filifin

Waɗanda suka shiga kwalejojin horon malamai da sakandare bayan an fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976 za su tuna da malaman ƙasashen waje da suka koyar da mu, Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Filifin. Mutanen Filifin suna cikin al'ummomin da suka fi kowa ci-rani a duniya. Miliyoyinsu suna aiki a ƙasashen Larabawa da Amurka da Turai, alhazanmu ma suna haɗuwa da su a asibitocin Saudiyya. A shekarar 2023 kaɗai sun aika gida da fiye da dala biliyan 30.

Abin lura shi ne ba su tsaya ga kuɗi ba. Suna da al'adar tara tsaraba a babban kwali, wanda suke kira balikbayan, a cika shi da tufafi da kayan ci da na wasan yara a aika wa dangi, musamman gab da Kirsimeti, bukin da suke fara shirinsa tun watan Satumba. Suna da irin tamu gayyar, bayanihan, wadda asalinta maƙwabta ne ke haɗuwa su ɗauki ɗakin gora a kafaɗa su kai wa mai shi sabon wuri. Duk inda suka taru a baƙuwar ƙasa, ranar 12 ga Yuni sukan yi bukin tunawa da shelar 'yancinsu ta 1898, da abincinsu da tufafinsu da 'ya'yansu. Teku ce ta raba su da gida, amma sun ɗauki gidan sun tafi da shi. Mu kuwa tafiyar 'yan awoyi ce tsakaninmu da namu.

Daga gida zuwa ƙasa

Lokacin da nake shugaban makaranta, mukan yi makonni muna koya wa yara maci domin ranar 1 ga Oktoba da ranar yara ta 27 ga Mayu. Abu ne mai kyau. To amma taken ƙasa an sauya shi a 1978, aka kuma koma wa tsohon a 2024, duk da doka. Abin da doka ba ta iya dasawa shi ne jin cewa wahalar wani tawa ce. Wannan a gida ake koyonsa, a bakin akushi da wajen gayya. Wanda ya saba da cewa rumbun gandu ba na mutum ɗaya ba ne, shi ne zai ji nauyin taɓa baitulmali. Iyayenmu ma sun san dabarar haɗa kan ƙabilu tun kafin a haifi Nijeriya, shi ya sa suka bar mana wasan barkwanci tsakanin Katsinawa da Nufawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa.

Shawarwari

Na farko, kowane magidanci ya mayar da Hausa harshen gidansa. Turanci makaranta za ta koyar. A riƙa cin abincin dare tare, a gaya wa yara sunayen kakanninsu da unguwar da suka fito da sana'ar gidansu.

Na biyu, kowane reshe na ƙungiya ya ware rana ɗaya cikin kwanakin Salla domin taron iyalai, a zo da mata da yara, a ci tuwo a faranti ɗaya. A gayyato 'yan'uwanmu da rikici ya koro zuwa wannan birni, a zaunar da su a sahun gaba, domin su ne suka fi mu sanin gida.

Na uku, ƙungiya ta kafa rumbunta. A sayi masara da dawa da kaka lokacin da suke da sauƙi, a raba da bazara da azumi ta hannun masu unguwanni da limamai, a haɗa da ɗinkin Salla na marayu. A riƙa buga lissafin a wannan mujalla kowace shekara.

Na huɗu, matasanmu masu wayar hannu su zauna da tsofaffi su naɗi tarihin garuruwa da tatsuniyoyi da wasannin tashe da kirarin sarautu. Ƙauyen da ya tashi, idan ba a rubuta shi ba, sunansa ma zai bi shi.

Na biyar, duk lokacin da mutanen gida suka tabbatar hanya ta yi kyau, a kai yara, ko da wuni ɗaya ne. A bi shawarar na gida da ta jami'an tsaro, a yi tafiyar rana, domin rigakafi ya fi magani. Amma kada tsoro ya zama al'ada bayan dalilinsa ya kau.

Kammalawa

'Yan'uwa, Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Iyayenmu sun sayar da auduga da awaki sun sa mu makaranta, da fatan za mu dawo da amfani. Biyan wannan bashi ya haɗa da gina aji da haƙa rijiya, ya kuma haɗa da miƙa wa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa 'ya'yan da suka san su, suke jin zafinsu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da manomi gonarsa, Ya ja zamanin sarakunanmu, Ya yi wa shugabanninmu jagora, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.