Warwarewar Ɗinki a Tiyatar Mafitsarar Jarirai: Takarda ga Jama'ar Race Course, Kumasi



Akwai jaririn da ake haifa da mara a buɗe, mafitsararsa a waje, ja wur a ƙasan cibiya, fitsari na ɗiga dare da rana. Abin ba ya yawan faruwa, kusan haihuwa ɗaya ce cikin 30,000 zuwa 50,000, kuma ya fi samun maza. Ƙashin ƙugunsa ma bai haɗe ta gaba ba, daga nan ne wahalar tiyatar take farawa.

A cikin awa 72 na farko ƙashin jariri yana da taushi, likita zai iya jawo ɓangarorin biyu su haɗu. In lokacin ya wuce, sai an yanka ƙashin kafin a rufe. Robert Jeffs na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya tsara yin aikin daki-daki a shekarun 1970: a rufe mafitsara, a gyara gaban yaron, a kuma gyara wuyan mafitsara don ya iya riƙe fitsari. A 1999 Grady da Mitchell suka bayyana hanyar haɗa gyaran a zama ɗaya.

Kowace hanya aka bi, matsalar da ta fi tsoratar da likita ita ce warwarewar ɗinki, mafitsara ta sake ɓullowa waje. Tsokar da aka taɓa ɗinkawa takan yi tabo ta ƙanƙance, don haka ɗinki na biyu ba ya kai na farko, damar riƙe fitsari kuma sai ta ragu. Abin da ke warware shi sananne ne: ƙwayoyin cuta a ciwon, toshewar robar fitsari, kumburin ciki, da shure-shuren yaro, shi ya sa ake ɗaure ƙafafunsa mako huɗu zuwa shida. Ban da warwarewar ɗinki, akwai kuma yoyon fitsari ta ɗinkin, komawar fitsari sama har ƙoda ta kumbura, tsakuwa a mafitsara, da yankewar jini a kan gaban yaron. Wanda aka karkatar da fitsarinsa zuwa hanji, saboda ya zo a makare, yana buƙatar gwajin jini da duba hanjin tsawon rayuwa, domin sankara na iya tasowa a inda aka haɗa hanyar fitsarin da hanjin.

Mu a Race Course ba mu da uzurin nisa. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, yana nan Bantama kusa da mu. Abin da ke jinkirta mu kunya ce, da jiran a yi suna, da gwada maganin gida. Ina roƙon iyayenmu ungozomai: kada a shafa toka ko mai, kada a rufe da auduga, domin tana mannewa ta ɗaye naman. A lulluɓe wurin da leda mai laushi mai tsabta, a ɗaure cibiya da zare, a tafi asibiti a ranar.

'Yan'uwana wanzamai, irin wannan yaro ba a yi masa kaciya ranar suna. Likita zai iya buƙatar fatar nan wajen gyara.

Ga ma'aikatan lafiya kuma, a ganina bai kamata kowane likitan tiyata ya gwada wannan aiki ba. A tura jaririn inda akwai likitan mafitsarar yara, da na ƙashi, da mai sa barcin jarirai, a kuma faɗa wa iyaye tun ranar farko cewa tiyatar za ta wuce ɗaya, kuma za a ci gaba da duba ƙodarsa har ya girma.